HARSHE A HANNUN 'YAN KASUWA: TARIHIN COLDFUSION DAGA ALLAIRE ZUWA ADOBE



Gabatarwa

Na tabbata tun da aka ga sanarwar wannan lacca akwai waɗanda suka ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska, watau me ya kai malamin Hausa ga maganar kwamfuta. Abin da ya kai ni shi ne kalmar nan, harshe. Mu da muke nazarin harsunan 'yan Adam mun saba da abin da ba shi da mai shi. Ba wanda zai ce ga ranar da aka ƙago Hausa, ba kuma wanda zai ɗauke ta ya kai kasuwa ya sa mata kuɗi. Amma akwai wasu irin harsuna, waɗanda ake ba kwamfuta umurni da su, da aka san wanda ya ƙago su, aka san shekarar, aka yi wa sunansu rajista, har kuma a sayar da su tare da kamfanin da ya mallake su kamar yadda ake sayar da gona da itatuwan da ke cikinta. To, idan harshe ya sāke hannu, me ke samun nahawunsa, me kuma ke samun mutanen da suke cin abinci da shi? Wannan ita ce tambayar da nake so mu duba yau, ta hanyar bin tarihin harshe guda ɗaya, wanda ake kira CFML, harshen manhajar ColdFusion, wanda ya zauna a gidaje uku daga 1995 zuwa yau.

Aikin da harshen yake yi

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu san irin aikin da ake nufi. Shafukan intanet na farko, waɗanda suka biyo bayan aikin Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN daga 1989, kamar takardar da aka manna a allon sanarwa suke. An rubuta su da harshen tsara shafi mai suna HTML, kowa ya zo abin da aka rubuta zai gani, ba ya sākewa sai wani ya zauna ya gyara da hannu. Alal misali, a ce ofishi yana da ma'aikata dubu biyu, ana so kowane ɗayansu ya buɗe shafi ya ga ranar ƙarin girmansa. Ba zai yiwu a rubuta shafi dubu biyu ba. Dabarar ita ce a zuba bayanan a cikin rumbun bayanai, watau wata irin rajista da kwamfuta ke riƙe da ita, sa'an nan a rubuta shafi ɗaya tak wanda zai je rumbun ya ɗauko na wanda ya tambaya. A farkon shekarun 1990 yin haka sai ƙwararre, mai sanin harsuna irin su Perl ko C, domin sai ya rubuta umurni mai tsawo kafin shafi da rumbu su yi magana da juna.

A nan sai mu rarrabe abu uku, domin duk sauran bayanina a kansu ya dogara. Na farko shi ne harshen kansa, watau kalmomi da ƙa'idojin jera su. Na biyu shi ne injin, watau manhajar da ke zaune a babbar kwamfutar da ke ajiye shafuka, wadda ke karanta umurnin ta aikata shi. Na uku shi ne sunan, wanda doka ke karewa a matsayin tambarin ciniki. Mai sayen kamfani yana samun inji da suna a hannunsa ranar da aka sa hannu. Harshen kuwa, kamar yadda za mu gani, riƙe shi ya fi haka wuya.

Gida na farko: Allaire, 1995 zuwa 2001

A cikin 1995 wasu samari biyu, wa da ƙane, J. J. Allaire da Jeremy Allaire, suka kafa kamfani a jihar Minesota ta Amurka, suka sa masa sunan gidansu. J. J. ne ya rubuta manhajar, ya yi amfani da harshen C++, kuma da fari a kan Windows kaɗai take aiki. Hikimar da ya yi mai sauƙi ce. Ya lura cewa dubban mutane sun riga sun koyi HTML, wanda aka gina shi da alamomi masu buɗewa da rufewa, sai ya ƙago sababbin alamomi masu irin wannan kama. Alama ɗaya, wadda aka sani da cfquery, ita ce ke aika tambaya zuwa rumbu. Wata kuma, cfoutput, ita ce ke jera amsar a kan shafi. Da layi biyar ko shida sai mutum ya fitar da sunayen ma'aikatan nan da muƙamansu. Mai karatu a gida ba ya ganin waɗannan alamomi ko kaɗan, domin injin yana cika aikinsa tun a can, ya aiko masa da shafin HTML tsantsa.

A idon mai nazarin harshe, abin da aka yi a nan shi ne an gina sabon harshe a kan nahawun wanda mutane suka riga suka iya, don haka koyonsa bai zama baƙon abu ba. Wannan ya sa waɗanda suka rungume shi da fari galibinsu ba su karanta ilmin kwamfuta ba. Akwai masu zanen shafi, da ma'aikatan laburare, da malaman ofis na jami'o'i da hukumomin gwamnati, waɗanda aka ce musu su fitar da bayanan ofishinsu a intanet. Da farko ana kiran harshen DBML, saboda aikinsa bai wuce magana da rumbun bayanai ba. Da aikin ya faɗaɗa sai aka sāke masa suna zuwa CFML.

Kamfanin ya tashi ya koma kusa da birnin Boston, ya yi ta girma. A 1997 ya sayi HomeSite, wata manhajar rubuta shafuka. A 1998 ya fitar da bugu na 4, wanda ya zo da wata hanyar rubutu ta biyu mai suna CFScript, mai kama da harshen JavaScript, domin jawo ƙwararrun da suke ganin alamomi aikin 'yan koyo ne. A watan Janairu na 1999 ya shiga kasuwar hannun jari, kuma a wannan shekarar ya sayi kamfanin da ya mallaki JRun, wani inji mai aiki da harshen Java. Abin lura a wannan zamani shi ne, ColdFusion ita ce babbar hajar kamfanin, saboda haka abin da masu amfani da ita suka nema shi ake yi. Sai dai kuɗi ake biya kafin a same ta, alhali harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a wannan shekara ta 1995, kyauta ne, kuma daga ƙarshen 1996 Microsoft ya shiga ba da nasa, mai suna ASP, tare da manhajarsa ta manyan kwamfutoci ba tare da ƙarin kuɗi ba.

A cikin shekarar 2000 kasuwar kamfanonin intanet ta Amurka ta karye, darajar hannun jarin Allaire ta faɗi tare da ta sauran. A watan Janairu na 2001 aka ba da sanarwar cewa kamfanin Macromedia zai saye shi a kan kimanin dala miliyan 360, aka kammala cinikin a watan Maris.

Gida na biyu: Macromedia, 2001 zuwa 2005

Macromedia kamfani ne na birnin San Faransisko, kuma abin da aka san shi da shi shi ne kayan aikin masu zane: Dreamweaver ta tsara shafuka, da Flash ta hotuna masu motsi. ColdFusion ta zo ta tarar da 'ya'yan gida, ta zama kamar agola. Bugu na 5, wanda ya fito a 2001, shi ne na ƙarshe da aka gina da C++. A 2002 aka fitar da ColdFusion MX, wadda aka rushe injinta gaba ɗaya aka sāke gina shi da Java a kan JRun. Gaskiya ita ce tun a gidan Allaire aka fara wannan aiki, don haka ba za a ce sabon mai gida ne ya ƙago shi ba. Amma shi ya kammala, shi kuma ya zaɓi inda za a karkata.

Wannan sāke gini ya kawo alheri mai yawa. Harshen ya sami hanyar tara umurni a cikin ƙunshi-ƙunshi waɗanda ake iya sāke amfani da su, abin da ya sa ya yiwu a gina babban aiki da shi ba tare da ya rikice ba. Ya sami damar aron duk kayan aikin da aka riga aka rubuta da Java. Akwai kuma wata fa'ida wadda ta shafe mu kai tsaye. Java tana aiki da tsarin haruffa na Unicode, wanda ya ƙunshi baƙaƙen harsunan duniya, har da namu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Kafin wannan, injin an gina shi ne da tunanin baƙaƙen Turai ta yamma, kuma rubuta wasu harsunan da shi sai da dabaru. Amma duk da haka waɗanda suke da tsofaffin shafuka sun sha wuya, domin wasu umurnin da suke aiki lafiya a da sun sāke hali a sabon injin, sai da aka fitar da gyararren bugu a 2003 kafin hankali ya kwanta.

Inda hannun sabon mai gida ya fito sosai shi ne wajen Flash. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Macromedia yana son duniya ta gina shafuka da Flash, saboda haka ya mai da ColdFusion mai yi mata hidima daga baya. Jeremy Allaire, wanda ya zama babban jami'in fasaha na kamfanin har zuwa 2003, yana cikin masu wannan ra'ayi. A bugu na 7, na watan Fabrairu 2005, aka sa wa harshen hanyar fitar da fom ɗin cikewa da Flash, da sāke kalma ɗaya kawai a cikin alama. Mutane da yawa suka ga abu mai kyan gani da sauƙi, suka gina ayyukan ofisoshinsu a kansa. Mu riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

A wannan zamanin ne kuma aka gina MySpace, a 2003, da ColdFusion, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan dandalin sada zumunta na lokacinsa kafin daga baya ya koma ga kayan Microsoft. Amma Wikipedia da WordPress da Facebook duk da PHP aka gina su. Ɗalibin da ba shi da ko sisi yana iya ɗaukar PHP ya koya a ɗakinsa, ya kuma sami wurin ajiye shafinsa da araha. Ta nan ne sababbin masu koyo suka bi, kuma mun sani harshen da yara ba sa koyo yana cikin haɗari ko da manyansa suna da yawa.

Gida na uku: Adobe, daga 2005

A watan Afrilu na 2005 kamfanin Adobe ya ba da sanarwar sayen Macromedia da hannun jari na kimanin dala biliyan 3.4, aka kammala a watan Disamba. Kowa ya san Flash ce ta kai Adobe ga wannan ciniki. ColdFusion ta biyo kaya ne kawai, ta shiga gidan da Photoshop da Acrobat suke manya. Nan ma harshen ya ɗauki launin gida. Adobe shi ya ƙago tsarin takardu na PDF a 1993, sai ga bugu na 8, na 2007, ya zo da alamomin haɗa takardun PDF, da raba su, da cike fom ɗinsu, da kuma na sarrafa hotuna. Wannan ya amfani hukumomi ƙwarai, domin aikinsu na takarda ne. Bugu na 9 ya fito a 2009, na 10 kuma a 2012, inda aka ajiye JRun aka ɗora injin a kan Tomcat, wadda manhaja ce ta kyauta. Daga 2016 aka shiga kiran bugu da shekararsa: 2016, 2018, 2021, 2023 da 2025. A tsawon waɗannan shekaru CFScript ya cika ya zama ana iya rubuta kusan kome da shi, har ya kasance matasan masu harshen da dattawansu kamar masu karin harshe biyu ne.

Dole a yi wa Adobe adalci. Shekara ashirin ke nan yana fitar da sababbin bugu da gyare-gyaren tsaro, alhali tun tuni wasu suke cewa harshen ya mutu. Amma abubuwa uku sun faru a wannan gida waɗanda suka nuna wa masu amfani da shi matsayinsu. Na ɗaya, a 2013 Adobe ya sanar cewa ɓarayin intanet sun shiga kwamfutocinsa sun kwashe asalin rubutun wasu manhajojinsa, har da ColdFusion. Na biyu, Flash ta faɗi. Wayoyin zamani sun ƙi ta, matsalolin tsaro suka yi mata yawa, Adobe ya daina kula da ita ranar 31 ga Disamba 2020. Duk fom ɗin nan da aka gina da ita tun 2005 suka daina buɗewa, kuma ofisoshin da suka dogara da su ne suka biya kuɗin sāke rubutawa. Na uku, da bugun 2025 kamfanin ya daina sayar da lasisi na dindindin, ya koma ga biyan kuɗi shekara-shekara. Wanda a da yake saye sau ɗaya ya riƙe, yanzu ɗan haya ne.

Ƙididdigar da kamfanin W3Techs yake yi ta nuna a 2024 sama da kashi 70 cikin 100 na shafukan da aka san harshen da ke bayansu da PHP suke aiki, na ColdFusion kuwa ba su kai kashi 1 ba. Sai dai wannan ƙididdiga ba ta ganin ayyukan cikin gida na hukumomi, da jami'o'i, da kamfanonin inshora, inda har yanzu harshen yake aiki a ɓoye.

Yadda masu harshen suka nemi mafita

Yanzu mu komo ga rarrabewar da muka yi tun farko. Kamfani ya mallaki inji da suna, amma kalmomin harshen da ƙa'idojinsa suna rubuce a littattafai, suna kuma cikin kawunan dubban mutane. Ba abin da ya hana wani ya ƙera nasa injin da zai fahimci wannan harshe. Haka kuwa aka yi. Kamfanin New Atlanta na Amurka ya fitar da inji mai suna BlueDragon tun zamanin Macromedia. A Suwizalan wani mai suna Michael Offner ya fara wani, mai suna Railo, wanda a 2009 aka buɗe asalin rubutunsa ga kowa kyauta. A watan Janairu na 2015 shi da abokan aikinsa suka ɓalle suka kafa Lucee, suka kuma sa shi a hannun wata ƙungiya mai rajista a Suwizalan, domin kada a wayi gari wani ya saye shi. Ba su da ikon kiran injinsu ColdFusion, amma shafin da aka rubuta da CFML galibi yana aiki a kansa da ɗan gyara kaɗan. Doka ma ta karkata nan. A 2012, cikin shari'ar kamfanin SAS da World Programming, babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dokar da ke kare manhaja ba ta kare aikin da manhajar take yi ko harshen da take amfani da shi, rubutun da aka gina ta da shi ne take karewa.

Da injuna suka yi yawa sai tsoron rarrabuwar kare-kare ya taso. Mun san irin wannan a gida, domin shi ya sa aka kafa Hukumar Hausa a 1955 don daidaita rubutu da kalmomi. A 2008 Adobe ya kafa kwamitin shawara wanda ya haɗa wakilan injunan domin a fitar da daidaitacciyar ƙa'ida ta CFML, amma a 2010 ya janye, kwamitin ya watse. Mu kwatanta wannan da JavaScript. Kamfanin Netscape ne ya ƙago shi a 1995, amma ya miƙa ƙa'idarsa ga ƙungiyar Ecma, wadda ta fitar da ita a 1997. Netscape ya shuɗe, tambarin sunan ya bi kamfanin Sun zuwa hannun Oracle a 2010, amma harshen bai girgiza ba, domin ƙa'idarsa tana hannun taro. CFML bai sami wannan gata ba. Har yau abin da injin Adobe ya yi shi ne ake ɗauka ƙa'ida, sauran kuma su bi ko su saɓa.

Kammalawa

Jama'a, abin da wannan tarihi ya nuna mana shi ne, harshen da yake mallakar kamfani yana girma ne ta wajen da cinikin mai shi ya karkata. A gidan Allaire ya koyi magana da rumbu, a gidan Macromedia ya koyi Flash, a gidan Adobe ya koyi PDF. Wasu daga cikin waɗannan sun amfani masu shi har yau, wasu sun mutu tare da hajar da aka yi su dominta. Abin da ya ba shi tsawon rai kuwa shi ne mutanen da suka ci gaba da rubutu da shi, da kuma samuwar inji na biyu wanda ba na sayarwa ba ne.

Ga ma'aikatanmu da suke zama a kwamitin ba da kwangila, maganar ba ta nesa ba ce. Manhajar biyan albashi ko ta rajistar ɗalibai tana iya yin shekara ashirin a ofis, alhali Adobe, alal misali, kimanin shekara biyar yake ba kowane bugu na cikakkiyar kulawa. A watan Disamba na 2023 hukumar tsaron kwamfutoci ta Amurka, CISA, ta bayyana cewa an kutsa cikin manyan kwamfutoci biyu na wata hukumar gwamnatin tarayyarsu a watan Yuni na shekarar, ta wata kafa a ColdFusion wadda Adobe ya riga ya toshe tun watan Maris, saboda tsohon bugu suke amfani da shi. Idan haka ta faru a can, mu ma sai mu yi hattara. Saboda haka kafin a sa hannu, ya kamata a tambayi ɗan kwangila abu huɗu: da wane harshe za a rubuta aikin, wa ya mallaki injinsa, akwai wani injin da zai iya karanta shi idan mai na farkon ya sāke farashi ko ya sayar, sa'an nan mutum nawa ne a ƙasar nan suka iya shi. A kuma rubuta a cikin yarjejeniya cewa asalin rubutun aikin da bayanan da ke cikin rumbu na ofis ne, a ware kuɗin sabuntawa a cikin kasafin kowace shekara. Zanen aro ba ya rufe katara, amma wanda ya san na aro ne a jikinsa yakan tanadi nasa tun da wuri.

Ga ɗalibai kuwa, shawarata ita ce ku koyi abin da ke ƙarƙashin harsunan, watau yadda ake tsara bayanai, da yadda ake tambayar rumbu, da yadda shafi ke tafiya daga babbar kwamfuta zuwa mai karatu. Waɗannan ba su sāke ba tun 1995, ko da yake kamfanoni uku sun sāke. Wanda ya riƙe su, koyon sabon harshe ba zai ɗauke shi wata uku ba.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.